Goran Irin Albasa

Asabar, 3 ga Afrilu 1965, bayan La'asar

Jiya na iso gida. Malamarmu ta Turanci ta ce kowa ta rubuta abin da take yi kullum a hutu, za ta duba idan mun koma. Wancan littafin yana cikin akwati, har na yi masa shafi guda a kan zafin Illela. Wannan kuwa ragowar littafin lissafi ne. Ba wanda zai duba shi.

Na tarar da Kaka Baraka a gidanmu. Ita ta haifi Inna. Mutuniyar Gungun Ɗorawa ce, tsibirin nan da ke tsakiyar kogin Kwara a ƙasar Yawuri. Tun da aka haife ni ba ta taɓa taka Illela ba, mu ne ke zuwa. Takan ce ba ta iya barci a garin da ba a jin motsin ruwa. Sai ga ta zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakin Inna, ta miƙe ƙafa.

"Ga akawuna!" in ji ta. "Matso in gani, ko boko ya rage maki nama ga jiki."

Na durƙusa na gaishe ta. Ta mammatsa hannuna ta ce duk ƙashi ne, wai ko takarda ake ba mu mu ci. Na yi dariya yadda ya kamata. Ban iya duban idonta ba.

Kayanta ƙunshi ɗaya ne da goruna biyu. Babban, ruwan Kwara ne a ciki. Ƙaramin an toshe bakinsa da tsumma an shafe da laka. Na san abin da ke ciki. Bai kamata a gan shi a nan ba.

Lahadi, 4 ga Afrilu, da hantsi

Ranar kasuwa. Tun asuba raƙuma da jakuna ke wucewa ta ƙofar gida, na Ƙonni da na Amarawa, duk unguwa warin albasa. Baba dillalin albasa ne, wannan watan ba ya zama. Kafin ya fita ya tuɓe takalmi, ya durƙusa daga nesa ya gai da Kaka, ya tura mata manyan albasa uku na garin Gidan Katta.

Ta ɓare ɗaya ta gatsa kamar goro. Ta daɗe tana taunawa.

"Ruwa ya yi mata yawa, ƙasa ta yi mata kaɗan. Wagga ba ta ganin tsakiyar damina."

"Inna, ai ba don a yi mani shari'a na kawo ba," in ji Baba.

"To don mi ka kawo, Malam Mukhtari? In sa ga wuya?"

Ya fita yana dariya.

Albasar gungu ƙarama ce, ja wur, mai tauri, tana shekara a rumbu ba ta ruɓe ba. Sayenta Baba ya je ya ga Inna. Maza ke ja fangali, wato kwamin shuka, a kan lakar da kogi ya bari idan ya janye, su ke ban ruwa da ƙwarya. Amma iri na mata ne. Kowane gida da nasa, uwa ke ba matar da za ta zauna a gidan bayanta. A cuɗa shi da toka, a zuba a gora, a rataye a inda hayaƙi ke kaiwa. Irin albasa ba ya shekara biyu. Wanda aka tara bana, bana za a yafa shi, in ya zaga shekara ya mutu. Kaka ta ce nata, tun kakar kakarta ba a taɓa tsallake shekara ba. Kuma ba ya ƙetare ruwa sai an yi mutuwa.

Ba a yi mutuwa ba.

Litinin, 5 ga Afrilu, bayan Azahar

Inna ta kira ni ɗaki. Ni ce ta fari, ba ta faɗin sunana. "Ke, zo ki karanta wa kakarki takardar ga."

Daga ofishin masu tashin garuruwa take, saboda madatsar ruwan da ake ginawa a Kwara. Kowa ya san gungu zai nutse, tun bara aka faɗa. Abin da ba a sani ba shi ne inda za a kai kowane gida. Takardar ta ce gidan Maharazu, wato Kawu, yayan Inna, yana cikin jerin mutanen tudu. An gama ginin gidajensu, za su tashi kafin ruwan farko. Mil tara ne daga inda bakin sabon ruwa zai tsaya. Rijiya ɗaya. Ƙasar gero da dawa.

Na karanta da Turanci a zuci, na faɗa da Hausa a hankali. Ban rage komai ba.

Kaka ta ce an riga an karanta musu a can, so take ta ji daga bakin nata. Sannan ta ce, "Gidan Halliru, zana ɗaya ta raba mu. Turke ɗaya muke ɗaure jirgi. Fangalinshi na ƙarewa namu na farawa. Su an rubuta su bakin ruwa, mu tudu. Mi munka yi, akawuna? Ke da kin san halin takarda."

Na ce ban sani ba.

Talata, 6 ga Afrilu, da safe

Na sani.

Laraba, 7 ga Afrilu, da rana tsaka

Kowa ya kwanta saboda zafi. Bari in rubuta shi sau ɗaya, daga farko, yadda ake rubuta amsar jarrabawa.

A hutun Disamba na raka Inna gungu. Kwana na huɗu akawu biyu suka zo a jirgi mai inji, da jaka cike da takardu, kowane gida ɗaya. Ɗayansu ba ya jin Hausa, ɗayan kuma zazzaɓi ke cinsa, yana ta duban rana. Suna tambaya, suna cikawa da kansu, mai gida ya dangwala yatsa, su wuce. Da suka zo gidanmu Kaka ta tare ƙofa ta ce, "Nan ba ku wahala. Muna da akawunmu." Ta jawo ni gaban mutane. Duk unguwa aka taru ana kallo. Mai zazzaɓin ya miƙo mini takarda da alƙalami, ya samu inuwa ya zauna.

Suna, yawan mutane, yawan ɗakuna, rumbuna, itatuwa. Duk na cika. Sai layin sana'a. Gurbi uku ne: manomi, masunci, wani abu daban. An rubuta a ƙasa, a zaɓi ɗaya kawai.

Na tambayi Kawu sana'arsa. Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, mu ai ruwa muke aiki. In ya cika mu kama kifi, in ya janye mu bi shi da albasa. Rubuta haka."

Babu wurin rubuta haka. Na tsaya na yi tunani sosai, Allah ya sani na yi. A makaranta an koya mana, idan amsa biyu suka yi kama, a ɗauki wadda ta fi zama daidai. Watannin albasa sun fi na kifi yawa. Albasa shuka ce. Mai shuka manomi ne. Kuma akwai wani abu, tunda ba wanda zai karanta wannan: a ɗakin kwananmu na makaranta akwai 'yan mata da ke toshe hanci idan an ce masunta. Ban so a rubuta kawuna haka ba.

Na sa alama a manomi. Na yi ta tsaf, ba ta fita daga gurbi ba. Akawun ya ɗaga takardar ya nuna wa ɗan'uwansa kyan rubutun. Kawu ya dangwala. Kaka ta yi guɗa.

A gidan Halliru ba mai boko. An tambaye shi, ya nuna tarun da ke shanye a zana, aka rubuta masunci.

Ba wanda ya gaya mini da wannan layin za a raba mutane. Amma ni ma ban tambaya ba. Kunya nake ji, mutane na kallo.

Alhamis, 8 ga Afrilu, bayan La'asar

Na sami Baba a zaure yana ware albasa, na ce masa ana iya rubuta wa ofishin a ce an yi kuskure. Ya dube ni ya ce, "Ana yi? Suna gyarawa?" Na ce a makaranta idan an yi kuskure a sakamako ana gyarawa. Ya ce to in rubuta, akwai direban da zai ɗauki kaya zuwa Sakkwato gobe, daga can ba a rasa mai zuwa Yawuri, a kai wa Kawu ya miƙa da hannunsa.

Sau huɗu na kwafe ta. Na ce gidan Maharazu mutanen ruwa ne, suna da jirgi da taru, albasarsu ba ta yi sai da laka da ban ruwa kullum, ana roƙo a mayar da su jerin bakin ruwa. Na duba kowace kalma a ƙamus.

Na rubuta cewa an yi kuskure. Ban rubuta wanda ya yi ba.

Juma'a, 9 ga Afrilu, da hantsi

Takarda ta tafi. Kaka ta tofa mata addu'a kafin a liƙe ambulan. Ta ce wa Inna, "Kin gani? Da kin bi tawa kin hana ta boko, wa zai yi muna wanga?"

Litinin, 12 ga Afrilu, bayan Magariba

Babbar Sallah. An yanka rago, gida cike da hayaƙin suya. Kaka ta ɗanɗana hanta don kada Baba ya ji ba daɗi, ta ture sauran. Ta ce haƙoranta kifi suka sani.

Abokin cinikin Baba na Ƙonni, can ƙetaren iyaka, ya zo barka da Sallah. Ina kai musu ruwa a zaure na ji yana cewa wai an ce idan an gama madatsar, wutar za ta yi yawa har a sayar wa ƙasarsu. "Ku kuna tara ruwa, mu muna shan haske," in ji shi. Baba ya ce, "Madalla. In waya ta bi ta kan Illela sai mu riƙa shanya wanki." Suka yi ta dariya.

A zangon da ya wuce mun zana taswirar madatsar a darasin labarin ƙasa. Jan layin wayar wuta zuwa Kaduna, jan layi zuwa Ikko. Tafkin mun cika shi da shuɗin fensir. Na tuna yadda na bi a hankali don kada launi ya fita daga layi. Gungu yana ƙarƙashin shuɗin nan, wajen sama ta dama. Na ci tara bisa goma.

Talata, 13 ga Afrilu, da safe

Kaka ta fasa lakar bakin ƙaramin goran. Ta zuba iri kaɗan a tafin hannu, baƙi, ƙanana, toka ta yi musu fari-fari. Ta yage tsumma biyu. Ɗaya ta jiƙa da ruwan Kwara, ɗaya da ruwan rijiyarmu, ta barbaɗa iri a kowanne, ta naɗe, ta sa a ƙarƙashin randa inda ke da sanyi. Ta sake shafe bakin goran.

Sai yau ta faɗi abin da ya kawo ta. Matar Kawu ita ya kamata ta karɓi irin. Ta ce ba ta karɓa, me za ta yi da shi a kan dutse, ta riƙe ya mutu a hannunta a ce ita ta kashe? Shi ne Kaka ta ɗauko shi ta zo ta ga ko ƙasar Illela za ta yarda.

Inna ta ce, "Inna, shekara goma sha takwas rabona da fangali. Ko ƙofar gida ban fita."

"Na sani. Ban ce ke ba. Ban ce kowa ba tukuna."

Alhamis, 15 ga Afrilu, bayan La'asar

Baba ya samo jaki, na raka Kaka fadamar Amarawa. Masu lambu suna ta cire ta ƙarshe. Ta sauka, ta zaga, ta duƙa ta ɗebi ƙasa ta murza, ta sa a harshe. Ta sa aka jawo mata ruwa da jigo, ta kurɓa ta furzar.

Wani tsoho mai lambu ya ce, "Iya, ƙasar tamu ci ake yi?"

"In ban ci ba ina zan san mi take ba 'ya'yanta?"

"To yaya kinka ji?"

"Kanwa. Kuma tsohuwa ta, ta gaji. Wa ke kawo maku sabuwa?"

Bai gane ba. Ta bayyana masa cewa a gungu kowace shekara kogi ke hawa ya shimfiɗa sabuwar laka ya koma, ba a taɓa shuka sau biyu a ƙasa ɗaya ba. Ya ce su taki suke zubawa. Ta ce Allah ya ba da sa'a.

A hanyar dawowa ta yi ta lissafa mini abubuwan da ruwa zai rufe, ba da kuka ba, kamar mai faɗin sunayen jikoki. Ɗorawar bakin mashaya. Ciyawar burgun da Fulani ke sauko wa shanu da rani. Ramin da ake kama giwan ruwa. Wurin da dorina ke fitowa. Kabarin Kakanmu ta sa shi a tsakiya, tsakanin burgu da ramin kifi, ba ta tsaya a kansa ba.

Ni ina jan jaki. Sau biyu na buɗe baki in gaya mata, na fasa.

Asabar, 17 ga Afrilu, da hantsi

Ba labari.

Lahadi, 18 ga Afrilu, bayan Azahar

Direban ya dawo. Ya ce ya ba wani mai motar Yawuri hannu da hannu. Ba labari.

Litinin, 19 ga Afrilu, da safe

Sun tsiro! Duka biyun. Fararen zare ƙanana, sun lanƙwasa kai. Na rijiya ma sun fi yawa, na ƙirga. Na ruga na gaya wa Kaka, har na yi tuntuɓe da turmi.

Ta duba ta ce, "Iri na da rai, alhamdu lillahi." Ta mayar.

Na ce ai ke nan zai yi a nan.

"Akawuna, tsiro ko bisa tsumma ana yi, ga shi kin gani. A nan zai fito, ya yi ganye, ya yi kai. Shekara ta biyu ya ƙara girma ya rage ja. Ta uku ki kai wa ubanki ya kasa gane shi cikin na Gidan Katta. Su Halliru ko laka ta ƙare masu, suna da ruwan da ya san irin. Bari dai takardarki ta dawo."

Takardarki.

Laraba, 21 ga Afrilu, bayan La'asar

Hadari ya taso daga gabas, ya yi duhu, ya watse. Kowa a unguwa na murna damina ta kusa. Ni ina roƙon Allah ya jinkirta ta. Ban san ko ya halatta ba.

Alhamis, 22 ga Afrilu, bayan Magariba

Kawu Maharazu ya zo.

Juma'a, 23 ga Afrilu, da hantsi

Jiya ban iya ba. Yau zan rubuta.

Ya iso da La'asar a motar albasa, ya rame. Aka gaisa, ya sha ruwa, ya yi salla. Muna tsakar gida duka, Inna na tuƙa tuwo, Baba a bakin ƙofar zaure. Kaka ta ce, "To, Maharazu?"

Ya ce kwana uku ya yi yana zuwa ofishin kafin a karɓi takardar. Wanda ya karanta ya ce Turancin ya yi kyau ƙwarai, wa ya rubuta? Sannan ya ce idan kuskuren akawunsu ne ana gyarawa, an ma gyara wa gida biyu. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da takardarmu ta Disamba. Ya ajiye ta kusa da wasiƙar.

 Kawu ya dubi ƙasa.

"Yac ce hannu ɗaya na. Yac ce wanga ba kuskurensu ba ne, mu munka cika da kanmu, kuma ga yatsana. An rufe jeri. Gida ma an buga mashi lamba."

Muciyar Inna ta tsaya a cikin tukunya.

Kaka ba ta juyo ba. Ta ce, "Mi anka rubuta ga takardar?"

Kawu ya ce, "Inna, a bar maganar."

"Ba kai nike tambaya ba."

Na ce, "Manomi." 

"Kawunki mi yac ce ki rubuta?"

"Ya ce ruwa kuke aiki."

"Babu wurin wannan?"

"Babu. Akwai masunci."

"Kin gan shi?"

"Na gan shi."

Ta gyaɗa kai. Na jira ta zage ni, ko ta yi kuka, ko Inna ta taso da muciya. Ba wanda ya motsa. Can Kaka ta ce, "Ranar da kinka karanta mani takarda, na tambaye ki mi munka yi."



"Ramatu, tuwonki na kamawa," in ji ta ga Inna. Shi ke nan.

Asabar, 24 ga Afrilu, da rana tsaka

Kawu ya same ni a bayan rumbu. Ya tsuguna nesa kaɗan ya ce, "Ɗiyata, ni na dangwala. Babba na wurin yaro bai yin laifi. Kuma albasa noma ta, ba ki yi ƙarya ba." Ya ce ya bar wa Halliru jirgin da tarun. Ya ce an ce gero na yi a can. Ya tambaye ni ko a littattafanmu akwai yadda ake noman tudu, don shi bai taɓa jiran ruwan sama ba.

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 25 ga Afrilu, da safe

Kaka ta ce, "Shafa'atu, miƙo mani buta."

Tun ina rarrafe ba ta taɓa kiran sunana ba. A da ƙawata take ce mini, da na shiga makaranta na koma akawu. Na miƙa mata. Ta ce an gode.

Lahadi, bayan La'asar

Inna tana ba ni aiki da hannu, ba da baki ba. Ta nuna tsintsiya. Ta nuna tulu.

Baba ya ce ko a sake rubutawa, a kai sama. Ya faɗa yana duban Kawu, ba ni ba. Kawu ya ce ruwa ya riga ya sauka a kudancin Yawuri, motocin kwasa za su zo ranar Asabar. Ba wanda ya ƙara ta da maganar.

Ruwan Kwara ya ƙare a babban goran. Na jiƙa tsumman da na rijiya, ban gaya wa kowa ba.

Talata, 27 ga Afrilu, bayan Azahar

Sun tafi da safe. Baba ya roƙi Kaka ta zauna da mu. Ta ce tudun da ba ruwa duk ɗaya ne, gara wanda jikokinta ke kai.

An ɗaure ƙunshinta, an fita da shi. Ta ɗauki babban goran, fanko. Ƙaramin yana rataye a ƙusa a ɗakin girki. Ta sauko da shi, ta goge da bakin zane, ta tsaya a tsakar gida. Inna ta matso tana share hannu. Kaka ta wuce ta.

"Shafa'atu. Karɓi."

Ban miƙa hannu ba.

Inna ta yi magana, karo na farko a kwana biyar da ta yi magana a kaina. "Inna, yarinyar ga makaranta take komawa. Sai Disamba take dogon hutu. Ina za ta yafa shi? Wa za ya ba shi ruwa?"

"Na sani."

"Ki bar mani, in nemi wani a Amarawa."

"Ba a ba wani. Ba a ba namiji. Ke kuma kin ce ba ki fita." Ta kamo hannuna ta ɗora goran a kai ta rufe da ɗayan. Hannunta kaushi, da sanyi. "Ita tar rubuta mu manoma, kuma an ce takarda ba ta tashi. To ga iri. Ranar da kinka tashi da asuba kinka ji sanyin farko, bayan dawa ta fid da kai, ranar ake yafawa. Kar ki rufe da ƙasa mai yawa. Ruwa safe da yamma, da ƙwarya, a hankali, ba a kwarara mashi. Kar ya ga Sallar layya ta baɗi cikin gora."

Na ce, "Kaka, ban iya ba."

"Wancan ma ba ki iya ba, kin yi."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta shafa kaina, ta ce Allah ya yi albarka, ta fita. Ban raka su tasha ba.

Alhamis, 29 ga Afrilu, da hantsi

Na duba ƙarƙashin randa. Tun Litinin ba wanda ya jiƙa tsummokin, har ni. Sun bushe, zaren sun manne.

Makarantarmu katanga ce ta zagaye ta. Famfo ɗaya ne, ana buɗewa safe da yamma, kowa bokiti guda. Ƙasar da ba a share ba ita ce ta furannin gaban ofis. Na bi ta a zuci lungu-lungu, tun daga ƙofa har bayan ɗakin wanki. Wata shida ke nan zuwa sanyin farko.

Na kai wa Inna goran na ce ta ajiye mini. Ta ce, "Ke anka ba."

Juma'a, 30 ga Afrilu, bayan La'asar

Na cika wancan littafin na Turanci a zama ɗaya. Mun yi Sallah lafiya. Kakata ta kawo mana ziyara daga Yawuri. Mun je kallon lambu a kan jaki. Babu kuskure ko ɗaya, na duba sau biyu.

An yi yayyafi ɗazu. Gobe ne ranar motocin kwasa.

Asabar, 1 ga Mayu, bayan Azahar

Gobe zan koma. A ƙofar makaranta ana buɗe akwatin kowa. Doka ce, duk kwalba ko gwangwani ko ƙunshi sai an manna masa takarda, suna a sama, abin da ke ciki a ƙasa. Wanda ba a rubuta ba, ana zubarwa a rami.

Na yanki takarda daidai cikin goran, na manna da ƙaro. Na ja layi biyu da rula. A na sama na rubuta Shafa'atu Mukhtari.

An kira Azahar ina riƙe da alƙalami. Ga shi ana shirin kiran La'asar. Layin ƙasa kalma ɗaya yake ɗauka, kuma ba kowa a gidan nan da zan tambaya.